Muryar Ajin Bakin Titi

Tsakanin ajina da nata babu bangon kirki, wani falankin katako ne aka kafa, irin wanda in yaro ya jingina sai ya lanƙwashe. Don haka duk makarantar nan babu wanda ya kai ni sanin muryar Anti Ƙararrawa, kuma ni ce na fara jin lokacin da ta soma lalacewa.

Yara ne suka sa mata sunan, ba su kuma yi ƙarya ba. In ta ɗaga murya ta ce, "Biyu sau biyu!" har mai facin taya da ke tsallaken titi sai ya amsa mata da "Huɗu!" Makarantar ta yayanta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mu ma'aikata muna ce masa Darakta, ita tana ce masa Yaya, shi yana kiranta Auta. Ɗakunan gaban gidansu ya farfasa ya mayar da su azuzuwa, iyali suna zaune ta baya, ƙofa ɗaya ce tsakani. Da aurenta ya mutu ta dawo gida, sai ya ba ta ɗaki kusa da na Inna, mahaifiyarsu, ya kuma danƙa mata alli.

Darakta ba ya biyan kuɗin talla. Ajin da tagarsa ke kallon titi, shi ne tallarsa. Tagar nan ba a rufe ta, ko ruwa ake ko rana. Uwa za ta zo wucewa zuwa kasuwa, ta ji yara suna rera karatu da baki ɗaya, ta ɗan tsaya, washegari sai ka gan ta riƙe da hannun nata ɗan. Shi ya sa ya ajiye Auta a wannan ajin, ya cusa mata yara har wasu suna zama a ƙasa. Kullum faɗarsa ke nan a taron malamai: "In ban ji aji daga ofis ba, to ba karatu ake yi ba."

Ranar albashi mukan yi layi a ƙofar ofishinsa. Albashin kuwa, kai, Allah ya kyauta! Kafin ka biya haya ka sayi sabulu ya ƙare, ga shi sai an zaftare na makara, na ranar da ka je jana'iza, na allin da aka ce ka ɓarnatar. Duk da haka dai ambulan ne, kana riƙe shi a hannu ka san ka yi aiki. Ita kuwa ban taɓa ganinta a layin ba. Wata rana na kasa haƙuri, na leƙa ajinta bayan an tashi, na same ta tana goge allo.

Na ce, "Anti, ke naki a cikin gida ake kai miki ne?"

Ta yi dariya. "Ni ai 'yar gida ce."

"'Yar gida ba ta sayen man shafawa?"

"In ina bukata ina tambaya."

"Ya ba ki?"

Sai ta ci gaba da goge allon da ta riga ta goge. Raina ya ɓaci ranar, amma na ce ba gidan ubana ba ne, na kama bakina.

Farkon abin, da safe ne muryar kan yi nauyi, sai ta yi gyaran murya, ta sha ruwa, ta warware. Daga baya ta daina warwarewa. Ina jin ta ta cikin katako, in ta ja waƙar haruffa ta kai wurin da ake ɗaga murya, sai sautin ya tsinke, iska kawai ke fita. Yara su yi dariya, su ɗauka wasa take. Ita ma ta yi dariyar, ta sake ja da ƙarfi.

Ranar da na ga ta tofa kaki a bayan aji da ɗan ja a ciki, ban tsaya shawara da kowa ba. Ana tashi na ja hannunta muka nufi asibiti. A hanya tana ce min ba ta da ko na yankar kati. Na ce, "Wa ya tambaye ki? Shiga mota."

Likitan dattijo ne, ba shi da yawan surutu. Ya sa ta buɗe baki, ya haska, ya zura wani ɗan madubi, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ajiye kayan ya ce, "Malama, aji nawa kike koyarwa a lokaci guda, uku?"

Ta ce ɗaya ne.

Ya ce, "Wurin da murya ke fita ya yi kanta, irin wadda ke fitowa a tafin hannun mai faskaren itace, ga shi ya fara tsagewa. Magani zan rubuta, amma babban maganin shiru ne. Wata guda cur, ba magana, ba waƙa, ba raɗa. Raɗa ma ta fi ɓarna. In kika bi, za mu ceci abin da ya rage. In kika ci gaba da ihu, to ki fara sabawa da nuni da hannu, don muryar ba za ta dawo ba."

Muka kamo hanyar gida a mota. Ta riƙe takardar maganin tana ninkewa tana warwarewa. Ni kuwa zuciyata sai tafasa take.

Washegari da safe muka shiga ofishin Darakta tare, don na ce ni zan yi mata maganar. Yana zaune ƙarƙashin fanka, yana shan shayi. Na zayyana masa abin da likita ya ce. Ya saurara yana gyaɗa kai, har na fara cewa ashe mutumin yana da zuciya.

Sai ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Amma likitocin nan kun san su da kambama abu. Auta, ba yanzu muke ɗaukar sababbin yara ba? Wannan ne lokacin da iyaye ke yawo suna sauraren makarantu. Ki daure a gama, sai ki huta har ki gaji."

Na ce, "Darakta, muryar ba za ta kai lokacin ba."

"Malama, da ƙanwata nake magana."

Auta ta miƙa masa takardar maganin. Da ƙyar sautin ya fito. "Yaya, ka fara biyana albashi, ko rabin na sauran. In sayi magani, in kuma na huta ka ɗauki wata ta riƙe ajin."

Wallahi sai ya yi dariya, har shayin ya zuba a teburi. "Albashi? Ke da gidanku? Ɗakin da kike kwana kina biya? Abinci fa? Wuta fa, ruwa fa? In na zauna na lissafa miki, ke za ki ciko min. Waɗannan baƙi ne, dole in sallame su. Ke kuwa makarantar nan taki ce, Auta. Mutum yana biyan kansa ne?"

Na ce, "In tata ce, a ba ta mukullin ofis mana."

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Ajinki babu kowa, Malama. Za a cire miki na wannan awar."

Takardar maganin ya sa ta ƙarƙashin kofin shayi, ya ce zai aika a sayo. Ba a sayo ba. Ni na koma na karɓe ta da da'irar shayi a jikinta, na je kemis da kaina.

Na ɗauka Inna za ta tsaya mata. Da la'asar na shiga cikin gidan, na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata komai. Tsohuwa ta tafa hannu tana salati, ta tashi da kanta ta dafa ruwa ta zuba zuma, ta zaunar da 'yarta tana ba ta a baki. Tana sonta, wannan ba na musu. Amma da na kawo maganar albashi da hutu sai fuskarta ta canja.

Ta ce, "'Yar nan, kada ki shiga tsakanin 'yan'uwa. Shi ke riƙe da gidan nan gaba ɗaya. Da ta dawo wa ya buɗe mata ƙofa? Kuma koyarwa ai aikin lada ne, Allah ne mai biya."

Na ce, "Inna, kuɗin makarantar da iyaye ke kawowa, shi ma sai an je lahira yake karɓa?"

Ta ce, "Ke kam bakinki ya yi kaifi." Ta juya ga Auta. "Ki sha zumar, ki lallaɓa. Kada ki ba yayanki kunya a idon mutane."

Haka ta ci gaba da shiga aji. Ta yi dabaru iri-iri, baiwar Allah. Ta riƙa buga rula a teburi maimakon tsawa. Ta zaɓi yara masu baki su riƙa ja, sauran suna amsawa. Amma amon bai kai ofis ba, sai ga Darakta a bakin taga yana tafa hannu: "Auta, ajin nan ya mutu ne? Muryarki nake son ji!" Sai ta miƙe ta ja, ni kuma a bayan katako in ji kamar ana tsaga tsohon zane. Nawa ɗaliban ma sai su yi tsit su kalle ni.

Akwai wata ƙaramar lasifika ta hannu da yake amfani da ita a taron safe, wurin yi wa yara faɗa kan kuɗin makaranta. Na je na ce ya ara mata ita. Ya ce batir yana da tsada, kuma iyaye za su zaci rediyo muke kunna wa yara. Kun ji fa! Batir ne mai tsada. Maƙogwaron ƙanwarsa kuwa kyauta ya same shi. Na fito daga ofishin nan cike da haushi.

Abinci ma ya fara gagararta haɗiya. Ta rame, idanunta suka faɗa. In an tashi hutun tara sai ta kifa kai a teburi, yara su kewaye ta suna yi mata fifita da littattafansu. Wata ƙaramar yarinya ta zo ajina ta ce min, "Anti, Antinmu ta daina yi mana waƙa, fushi take da mu?" Na ce ta koma aji.

Ana cikin haka Darakta ya tara wasu iyaye da ke son kawo 'ya'yansu, ya ce zai zagaya da su. Tun da safe ya sa aka share gaban makaranta, ya saka babbar rigarsa, ya leƙa ajin Auta ya ce, "Yau fa ranar ce. Ki buɗe murya, a ji ki har bakin kasuwa."

Da hantsi na ji su sun shigo, takalma da gaishe-gaishe. Ya wuce ajina ko leƙe bai yi ba, ya kai su nata. Na ji yana cewa, "Ga ajin da ake jin labarinsa. Auta, bisimilla."

Shiru.

Sai na ji wata ƙara da ban taɓa ji ba a makarantar nan: ƙarar tagar bakin titi. Ƙarfen ya yi tsatsa, sai da ta sa hannu biyu ta ja, ta rufe ta garam. Na ajiye alli na zagayo da gudu. Na same ta tsaye gaban allo, ta rubuta wa yara aikin lissafi, ta nuna musu da rula, ta ja kujera ta zauna. Yara suka sunkuya suna rubutu. Aji ya yi tsit, sai ƙarar fensir.

Darakta ya yi wani murmushin dole. "Auta, baƙi suna jira."

Ta ɗago ta kalle shi. Ta nuna maƙogwaronta, ta girgiza kai.

Ya matso kusa da ita, ya rage murya, amma na ji shi sarai. "Ki tashi ki yi waƙar nan, ko yau ki san inda za ki kwana."

Ba ta motsa ba. Ba ta kuma sauke ido ba. Ni a lokacin tsoro da murna suka haɗu suka cika min ƙirji.

Wata uwa, mai sayar da yadi ce a kasuwa, ta ce, "Malam Darakta, lafiya? Ba ta da lafiya ne?"

Ya ce, "'Yar mura ce."

To, nan fa igiyar haƙurina ta tsinke. Na ce, "Ba mura ba ce, Hajiya. Likita ya ce in ta ƙara ɗaga murya ta rasa ta har abada, kuma ya sani. Muryar da kuke ji in kun wuce, tata ce. Shekara da shekaru tana yi, ko sau ɗaya ba a taɓa ba ta albashi ba."

Mai yadi ta juya gare shi. "Nawa kake biyanta?"

"Ƙanwata ce, Hajiya, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Ban tambaye ka dangantaka ba. Ƙanena ne ke tsare min shago, kuma duk wata ina biyansa. Nawa kake biyanta?"

Ya fara wani bayani na ɗaki da abinci. Ba ta tsaya ji ba, ta ja hannun ɗanta. Wasu suka bi ta, wasu suka tsaya, don ba kowa ne ya damu da wanda ke koya wa ɗansa ba in dai kuɗin makarantar da sauƙi. Shi kuwa ya nuna ni da yatsa ya ce in tattara nawa ya nawa. Na ce dama babu abin tattarawa, jakata ce kawai.

Da yamma ya cika alkawari. Ya tsaya a tsakar gida ya ce ko ta koma aji gobe ta buɗe tagar nan, ko ta ba shi mukullin ɗaki. Inna tana kuka tana cewa, "Auta, ki ba shi haƙuri, kalma ɗaya ce." Kalma ɗayar nan ita ce ba ta da ita ta bayarwa. Ta shiga ta haɗa kayanta a akwati, ta durƙusa gaban Inna ta riƙe hannunta ta daɗe, ta ajiye mukulli a kan tabarma. Ni na ɗauki akwatin.

Ɗakina ɗaya ne, haya, katifa ɗaya. Wata guda muka yi, ni ina surutun mutum biyu, ita tana amsawa da tafi: ɗaya na nufin e, biyu na nufin a'a, uku na nufin in rufe mata baki. Ukun nan na sha shi. Na riƙa bin gidaje ina koya wa yara karatun yamma, da shi muka ci. Akwai ranakun da na gan ta zaune ta dafa maƙogwaro tana hawaye, tsoro take kada ranar ta zo ta buɗe baki babu komai. Ni ma ina jin tsoron, ban dai nuna mata ba.

A wannan watan na yi ta tunani. Mu malamai an raina mu har mun saba. Mai gyaran fanka ya zo makaranta, kafin ya sauko daga kan benci an biya shi. Mai fenti ba ya buɗe gwangwani sai ya ga kuɗi. Amma wanda ya tsaya tun safe gaban yara, ya koya musu riƙe fensir, ya share musu hanci, shi ne ake ce wa ya yi haƙuri, aikin lada ne. In kuma malamin ɗan gida ne, to shi ke nan, ko haƙurin ma ba a ba shi. Ba na ƙin lada, ina so. Amma ban taɓa ganin mai gidan haya ya karɓe shi ba.

Da watan ya cika muka koma asibiti. Likita ya duba, ya ce ta ce "a". Ta kalle ni, ta haɗiye yawu, ta ce, "A." Siririya ce, a dishe, amma murya ce. Na fashe da kuka a gaban mutumin nan ba kunya. Ya ce za ta yi magana, za ta iya koyar da ƙaramin aji a hankali. Waƙa kuwa da ɗaga murya, sun tafi ke nan. Ya kuma ce kada ta riƙa doguwar magana.

Ba a yi sati ba sai ga sallama a ƙofar ɗakina. Darakta ne, Inna tana bayansa. Labari ya riga ya iso mu: ya ɗauki malamai biyu a jere don ajin bakin titi, kowace ta ga yawan yaran, ta ji albashin, ta gudu. Yara kuma sun koma gida suna kukan Antinsu, iyaye sun fara tambaya.

Na shimfiɗa wa Inna tabarma, shi na ba shi kujera ɗaya tilo. Ya gyara zama ya fara. Ya ce jini ba wasa ba ne. Ya ce ya yafe mata abin da ta yi masa gaban mutane. Ya ce ɗakinta yana nan an share, har ya sa an canja labule. Ya ce ba sai ta yi waƙa ba, ta dai dawo yara su gan ta.

Auta ta bar shi ya gama tas. Sannan ta ce, a hankali, sai da ya sunkuyo kafin ya ji:

"Nawa?"

Ya yi kamar bai gane ba. "Nawa me?"

"Albashi."

"Haba Auta! Ni za ki yi wa ciniki? Inna, kina jin ta?"

Inna ta buɗe baki, ta kalli wuyan 'yarta da ya rame, ta rufe. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta.

Auta ta ce, "Muryar da ka samu kyauta ka ƙarar da ita, Yaya. Wannan 'yar da ta rage, ta albashi ce."

Ya miƙe, ya fara kawo ɗaki, ya kawo abinci, ya kawo ranar da ta dawo gida da akwati ɗaya. Ta ɗaga masa hannu kamar yadda take tsayar da yaro a aji, ya kuwa tsaya.

Ta ce, "Likita ya hana ni doguwar magana. Nawa?"